Kafin Baƙo Ya Gama Sallama

Mu mutanen Kebbe Allah ya yi mu da saurin ido. Baƙo bai gama sauke ƙafa daga kan babur ba, mun riga mun auna shi, mun yi masa kuɗi, mun faɗi garinsu da abin da ya kawo shi, wani lokaci har da yawan matansa. Wanda yake son ya gane wa idonsa ya zo bencin mai shayinmu bayan sallar isha'i, lokacin da aka dawo daga fadama, aka ci tuwo, kowa ya fito da 'yar rediyonsa ko wayarsa a hannu.

A irin wannan daren ne, cikin kakar bara, ana tsakar yankan shinkafa, sanyi ya fara saukowa, wani ɗan kabu-kabu ya ajiye mana mutum daga hanyar Tambuwal. Dogo ne siriri, rigarsa ta sha ƙura, ya naɗe rabin fuskarsa da rawani, yana rungume da ƙullin buhu. Ya yi sallama daga ɗan nesa, ya tuɓe takalmi kafin ya taka tabarmar dattawa, ya miƙa wa kowa hannu. Daga nan ya ce a haɗa masa shayi ba madara, ya tambayi inda masallaci yake, don isha'i ta same shi a hanya.

Ƙeyarsa ba ta gama ɓacewa ba aka buɗe zance.

"Wanga mutumen kirki na," in ji Baba direba, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana jan mota tsakanin Sakkwato da Jega da Yawuri. "Kun ga yadda yat tuɓe takalmi? Ɗan gidan tarbiyya na. Ni in na dubi mutum sau guda, na gama karanta shi."

"Baba, a yi min haƙuri," in ji dillalin shanu, "ni rawanin ga nai bai kwanta min ba. Mai gaskiya mi za ya sa shi rufe huska?"

"Sanyi mana," wani ya ce daga ƙarshen benci. "Kai ma ga ka nan ƙudundune cikin mayafi."

Wani saurayi da ke danna waya ya ɗago kai. "Ni dai ku yi hattara. Haka infoma suka shigowa gari, da ladabi da sallama."

Aka juya ga mai shayi, tunda shi ya fi kowa ganin baƙi. Yana fifita wuta ya ce, "Ni abin da nig gani, mutum na mai jin yunwa."

Mutum huɗu, ido takwas, baƙo ɗaya, hukunci huɗu. Kuma kowannensu ya yi rantsuwa a ransa cewa shi ne ya gani daidai.

Mu kan fara karatun baƙo daga gaisuwa. Wanda ya tsaya ya bi ta daki-daki, ina wuni, ina gajiya, yaya gida, yaya iyali, yaya sanyi, wannan mun ba shi rabin maki. Wanda ya yi ta a tsaitsaye yana duba agogo, sai mu ce ɗan birni ne, ko mai girman kai. Daga gaisuwa sai harshe. Da mutum ya ce "ne" da "ce" a inda muke cewa "na" da "ta", ko ya ce "suka zo" a inda muke cewa "sunka zo", mun san daga gabas iska ta kwaso shi. Sai tafin hannu: mai kanta ya san fartanya, mai laushi ya san biro ko mudu. Tsofaffinmu kuma su kan ƙara da tsagar fuska, su ce wannan Bagobiri ne, wancan Bakabe, wancan Bazamfare, har su fara wasan barkwanci da shi kafin su ji sunansa. Yanzu da tsaga ta ja baya, yaran zamani takalmi suke dubawa da irin wayar da ke hannun mutum.

Ba laifi ba ne a ce wannan karatu yana da amfani. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Baba direba ya kafe a kan haka a daren nan. Ya ce a tasha, kafin fasinja ya zauna ya san wanda zai yi rigimar canji, ya san wanda mota za ta juya wa ciki, ya san matar da ta yi yaji daga yadda ta ɗaure kayanta. Aka yi dariya, aka kuma gaskata shi, domin shekara da shekaru na kallon mutane ba wasa ba ne.

Sai wani ya jefa wa dillalin shanu tambaya. "To kai da kake ciniki da ido, in ka ga sa ya yi maka kyau daga nesa, biya kakai nan take?"

"Haba! Sai na buɗe bakinai na ga haƙora, na taɓa tozo, na sa a ja shi ya yi tahiya in gani ko shina ɗingishi."

"To dabba ke nan, wadda ba ta iya ɓoye komi."

Nan ne malamin makarantarmu ya gyara zama. Shi mutum ne mai son karance-karance, kuma ba ya sa baki sai zance ya nuna. Ya ce wannan gardama tamu masana sun daɗe da kai ta ɗakin bincike. A 1993, a Jami'ar Harvard ta Amurka, Nalini Ambady da Robert Rosenthal sun nuna wa mutane hoton bidiyo na malamai suna koyarwa, na daƙiƙa 30 kacal, ba ko sauti. Abin da masu kallon suka faɗa game da kuzarin malaman da sakin fuskarsu ya zo kusa ƙwarai da abin da ɗaliban da suka zauna da su zango guda suka faɗa.

Baba direba ya buga cinya. "Kun ji ko? Mi nic ce muku?"

"Tsaya, Baba, da saura," in ji Malam. A 2006 kuma, a Jami'ar Princeton, Janine Willis da Alexander Todorov sun gano cewa kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ya ishi mutum ya yanke a ransa ko fuskar da ya gani ta mai amana ce. Da aka ƙara wa masu kallon lokaci, ra'ayinsu bai sauya sosai ba, sai dai ƙarfin gwiwarsu a kan ra'ayin ya ƙaru. A wannan shekarar dai, Charles Bond da Bella DePaulo suka tattara bincike sama da 200 a kan gane maƙaryaci daga mai gaskiya, suka tarar mutane kan dace sau 54 ne cikin 100. Wanda ya rufe ido ya yi canke zai dace sau 50.

Benci ya yi tsit na ɗan lokaci. Malam ya ƙarasa da cewa ido gwani ne wurin gane abin da ke saman mutum, kamar gajiya da fara'a da tsoro da surutu. Amana kuwa can ƙasa take kwance, inda ido ba ya kaiwa, kuma abin tsoron shi ne yadda zuciya ke ba mu tabbaci iri ɗaya a kan duka biyun.

Hausawa ma ai ba su bar mu a duhu ba. Su suka ce labarin zuciya a tambayi fuska, su ne kuma suka ce mugu ba shi da kama. Suka ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, suka dawo suka ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Wanda bai natsu ba zai ce magabata sun yi tufka da warwara. Alhali kowace magana da muhallinta. Fuska takan faɗi abin da zuciya ke ciki a wannan sa'ar. Abin da mutum zai yi ranar da ka ba shi ajiyar kuɗinka ka yi tafiya, wannan sai miya ta ƙare. Shi ya sa suka rufe da cewa sanin hali ya fi sanin kama.

Mu kanmu ai mun sha ɗanɗana kuskuren jin farko. Ɗan Kebbe ya je Kano ko Kaduna ko Abuja ya faɗi garinsu, kafin ya rufe baki an rubuta masa Jihar Kebbi. Sai ya tsaya bayani: an yanke Kebbi daga Sakkwato a 1991, an yanke Zamfara a 1996, mu muna nan cikin Sakkwato, muna maƙwabtaka da su duka biyun. Sai ya ƙara da cewa mazaɓarmu ɗaya da Tambuwal a Majalisar Wakilai, wadda Aminu Waziri Tambuwal ya wakilta har ya zama kakakin majalisar a 2011. Wasali ɗaya tak ke raba sunayen biyu, amma ya isa a kai takardar mutum wata jiha. Wanda aka yi wa haka ya kamata ya fi kowa sanin cewa kama da wane ba ta wane.

Ana cikin haka Liman ya iso, ya ji inda aka kwana. Baba direba ya ce, "Allah gafarta Malam, ai gardama ta ƙare, tunda baƙon masallaci yat tambaya tun kahin ya sha shayi."

Liman ya yi murmushi, ya ba mu labarin Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda. Wani ya zo ba da shaida gabansa, Umar ya nemi a kawo wanda ya san shi. Wani mutum ya miƙe ya ce shi ya san shi da kirki. Umar ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne na kusa, wanda ya san shigarsa da fitarsa. Ya ce a'a. Ko sun taɓa tafiya tare? A'a. Ko ciniki na kuɗi ya taɓa haɗa su? A'a. Sai Umar ya nuna masa cewa ganin mutum yana ruku'u da sujada a masallaci bai kai a ce an san shi ba.

"Maƙwabtaka, tahiya, kuɗi," in ji Liman yana lanƙwasa yatsu. "Duk cikinsu babu wanda aka yi cikin dare guda." Ya kuma tuna mana cewa Suratul Hujurati ta hore mu da bin diddigin labari kafin mu ɗauki mataki, ta kuma hane mu yawan zato. Ya ce wanda ya wanke baƙon nan tas da wanda ya kira shi infoma, duk sun riga malam masallaci.

Iyayenmu mata sun fi mu sanin wannan karatu. Ranar da aka kawo amarya, gwaggonni da innoni kan zauna su ƙare mata kallo: yadda ta durƙusa, yadda ta miƙa ruwa, ko ta cika ɗaga ido. Kafin la'asar an gama yanke mata hukunci a madafa. Amma Innata, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa sa baki a wannan zama ba. Takan ce ba a sanin amarya sai lalle ya goge. Na ga wadda aka ce miskila ce ranar farko, ashe kunya ce ta ɗaure mata baki, ita ce daga baya ta yi jinyar uwar mijinta shekara uku ba ta taɓa ɗaga murya ba. Kuma duk saurin idonmu, ba mai ba da ɗiyarsa don saurayi ya iya gaisuwa. Sai an tura bincike garinsu, an tambayi maƙwabta, an tambayi abokan sana'a, an ji ko yana biyan bashi, an ji yadda yake da mahaifiyarsa. Tambayoyin Umar ne dai muke yi, ko ba mu lura ba.

A da, wannan hira takan tsaya a raha. Yanzu ta wuce nan, domin zamanin da muke ciki kuskuren ido yana cin rai. Saurayin da ya ambaci infoma ba daga sama ya ɗauko tsoronsa ba. Mun ga abin da 'yan bindiga suka yi wa ƙauyukan Zamfara da gabashin Sakkwato, mu ma nan ba su bar mu mun runtsa yadda muke so ba, kuma kowa ya san ba sa shiga gari sai da ɗan gari ko wanda ya zauna cikinsa. Ga kuma abin da ya faru a Tangaza da Gudu. Mutanen da yanzu ake kira Lakurawa sun fara bayyana ne da rawani da wa'azi da alkawarin korar ɓarayin shanu, har wasu suka yi maraba da su. Ba a daɗe ba suka koma karɓar dabbobi da sunan zakka suna dukan matasa. A Nuwamban 2024 hedikwatar tsaro ta fito ta yi shelar haɗarinsu, a watan nan kuma suka kashe mutane a Mera ta ƙaramar hukumar Augie. Kyan ɗan maciji ke nan.

Sai dai wuƙar kaifi biyu gare ta. A watan Maris na 2025, cikin azumi, wasu mafarauta 'yan Jihar Kano suna hanyar komawa gida sallah daga Fatakwal, aka tare motarsu a Uromi ta Jihar Edo. Aka ga bindigogin farauta, aka ji harshensu, aka ce masu satar mutane ne. Mutum 16 aka kashe a wurin, ba alƙali, ba shaida, ba wanda ya tsaya ya tambayi garinsu. Da Malam ya ambaci wannan, Baba direba ya sunkuyar da kai, don ya san hanyoyin kudu, ya san yadda ake kallon mai doguwar riga da hula a wasu wuraren. Yaranmu nawa ke tafiya cin rani Legas da Ibadan da Fatakwal? Kowannensu baƙo ne a bencin wasu, da ƙurarsa da ƙullin buhunsa. Irin kallon da muke roƙon Allah a yi musu can, shi ya wajaba mu yi wa wanda ya sauka nan. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, a kasuwannin ƙasar Hausa ma an sha taɓa Bafulatanin da bai ji ba bai gani ba, don kawai sandarsa da shigarsa sun yi kama da na wasu.

To ina mafita, tunda sakin jiki ya cuce mu, zargi ma ya cuce mu? Ni a ganina kakanninmu sun riga sun share hanyar. Sun raba abu biyu da mu muke cakuɗawa: karramawa da amana. Karramawa hakkin baƙo ce tun daga sallamarsa, ruwa da tabarma da abinci da sakin fuska, ba sai an san ko shi wane ne ba. Baƙonka annabinka. Amana kuwa a hankali ake miƙa ta, kamar yadda ake ɗora wa jaki kaya, ana yi ana duba ƙafarsa. A da, fataken goro da ke bin hanyar Gwanja suna yada zango a Jega ba a kan kyan fuska ake ba su bashi ba. Kowane baƙo yana da fatoma, mai masaukin da zai sauke shi, ya adana kayansa, ya haɗa shi da masu saye, ya kuma tsaya masa in magana ta taso. A unguwa kuma ba a kwana da baƙo sai mai unguwa ya sani.

Ko a fadar Sakkwato haka aka yi. Da Baturen nan Clapperton, wanda ya kira kansa Abdullahi, ya iso a 1824, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya sauke shi da girmamawa, suka yi ta zantawa a kan addini da ƙasashe da ciniki. Da ya komo karo na biyu ɗauke da saƙo da kaya zuwa Barno, alhali ana yaƙi tsakanin ɓangarorin biyu, Bello bai kore shi ba, bai kuma bar kayan sun wuce ba. A nan ƙasar Sakkwato ajali ya same shi a 1827. Masauki daban, mabuɗin taska daban.

Baƙonmu ya dawo daga masallaci ya sha shayinsa da burodi. Liman da kansa ya ce, "Malam, daga ina, kuma wa kaka nema?" Ya ce daga wajen Aliero yake, ƙwadagon yankan shinkafa ya kawo shi, bai san kowa ba. Aka haɗa shi da yaro ya kai shi gidan mai unguwa, aka rubuta sunansa da garinsu da lambar wani ɗan'uwansa, aka kira aka tabbatar, ya kwana a zaure.

Yau ya fi shekara a cikinmu. Da aka gama shinkafa ya tsaya noman rani, don ya san albasa kamar yunwar cikinsa. Mai shayi ya fara ba shi bashin kofi biyu, ya biya ranar Juma'a. Wani ya ba shi aron buhun iri, ya mayar da cikonsa. Ladabin da Baba direba ya gani gaskiya ne, yana nan har gobe. Amma akwai saurin fushi a tare da shi in aka taɓa masa kwamin albasa, abin da ba wanda ya hango a daren farko. Rawanin kuwa sanyi ne kawai, da zafi ya shigo ya ajiye shi. Saurayin da ya kira shi infoma yanzu tare suke ban ruwa, kuma ya je har zaure ya nemi gafararsa. Dillalin shanu ya ce saura tafiya, in sun je Illela sun dawo tare zai faɗi nasa.

Makon jiya wani ɗan kabu-kabu ya sake ajiye mana mutum bayan isha'i, gajere mai jaka a kafaɗa. Na ji benci ya fara motsi, kowa yana gyara murya. Kafin wani ya ce uffan, mutumin Aliero ya miƙe, ya matsa masa wuri, ya karɓi jakarsa ya ajiye kusa da shi.

"A haɗa mai shayi," ya ce da mai shayi. "In ya sha, ni za ni kai shi wurin mai unguwa."